Kaskon da Ba a Wankewa

Idan ka shigo ɗakin gwajinmu sai ka rantse babu wurin da ya kai shi tsabta. Kafin ka wuce ƙofa sai ka rufe gashinka, ka sa wa takalminka safa, ka zura farar riga, ka taka wata tabarmar roba mai danƙo da ke kwashe ƙurar ƙafa. Mu mata ko hoda an hana mu shafawa. In atishawa ta taso maka, da sauri za ka yi waje. Amma a tsakiyar wannan ɗaki, cikin akwatin gilashi, akwai wani ɗan kasko da ya yi wata da watanni bai ga ruwa ba, kuma manya masu digiri a kan digiri suna kiransa kaskon sa'a.

Bari in faɗi aikinmu a taƙaice, don na gaji da dangin mijina suna kawo mini wayoyinsu gyara. Hasken da ke fitowa daga allon waya, wani siririn shimfiɗin sinadari ne a kan gilashi, silin gashi ma ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. A cikin shimfiɗin akwai sinadarin da ke ba da haske, muna ce masa baƙo. Tsada gare shi, kuma in ya taru wuri ɗaya da yawa sai ya kashe hasken kansa, shi ya sa kaɗan ake barbaɗawa a cikin wani sinadarin daban da muke kira mai masauki. Mai masaukin ne ke karɓar wutar lantarki ya miƙa wa baƙo. In ya yi kyau, ɗan allon gwajin da muke kira fitila sai ta yi haske kuma ta daɗe. In bai yi ba, ta dushe kafin shayinka ya huce. To ni mai masauki nake haɗawa, wani farin gari da na ƙarar da ƙuruciyata a kansa.

Mu biyu ne muke wannan aiki a ƙarƙashin Farfesa, kowa da garinsa. Ni, sai wani da muke kira Gaban Goshi. Sunan bai dame shi ba, har amsawa yake yi. Shi ne mai riƙe wa Farfesa jaka a taro, shi ne mai fara dariya tun Farfesa bai kai ƙarshen barkwancinsa ba. Ba zan ce ba shi da kai ba, yana da shi, sai dai son jiki ya fi kan yawa. Garinsa na ba da haske mai kyau da farko, amma fitilarsa ba ta kai azahar. Nawa kuwa fitilarsa sai ta yi kwanaki a kunne ba ta gaji ba, illa dai hasken bai kai yadda ake so ba.

Da wani kamfanin allo ya nuna sha'awa, Farfesa ya tara mu ya yi magana ba ɓoye-ɓoye. Kamfani gari ɗaya yake so. Wanda garinsa ya ci, aikinsa zai ci gaba. Ɗayan kuma za a rufe nasa a ƙarshen shekara, kwantiraginsa ya ƙare tare da shi. Ban ji tsoro ba a lokacin, don na san gyaran haske ya fi gyaran gajeren rai sauƙi.

Ba a daɗe ba sai ga fitilar Gaban Goshi ta tashi da abin mamaki. Ga haske, ga daɗewa. Aka sake yi, haka. Aka sake, haka. Farfesa ya rungume shi a gabanmu, aka aika wa wata mujallar kimiyya takardar sakamakon, aka buga. Sai dai akwai wani abu. Yadda muke shimfiɗa sinadari shi ne, a zuba garin a ɗan farin kasko wanda bai fi murfin kwalba ba, a sa cikin wata tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska, a gasa shi har ya zama tururi ya manne a gilashin da ke sama. Ƙa'ida ita ce kowane gari da kaskonsa, kuma in an gama a wanke a ƙone. To garin Gaban Goshi, in an zuba shi a sabon kasko, sai ya koma halinsa na da. A wancan tsohon kaskon kaɗai yake aiki.

A wurin masu hankali wannan abin tsayawa a bincika ne. A wurinmu ya zama abin raha. Farfesa da kansa ya ce, "Duk wanda ya wanke mini kaskon nan ya nemi wani aikin." Aka yi dariya, aka naɗa masa jan tef a gindi, aka ba shi wurinsa daban a cikin akwatin gilashin da muke ajiye kaya don kada iska ta taɓa su. In baƙi sun zo har nuna musu shi ake yi. Cikinsa ya yi baƙi-baƙi, gefensa ya yi ɓawo kamar tukunyar da aka manta a kan wuta. Mutanen da za su yi maka faɗa a kan gashin gira ɗaya su ne suke wa datti kirari.

Na yi magana sau ɗaya a taro, na ce ya kamata a kankare ɓawon a duba abin da ke ciki. Gaban Goshi ya yi murmushi ya ce, "Yaya, kar ki kore mana sa'a mana." Farfesa ya duba agogo. Aka wuce zancen oda ta safar hannu.

Wata safiya ɗaya daga safofin robar da ake zura hannu cikin akwatin ta yage, dole aka kwashe komai zuwa akwatin da ke kusa kafin iska ta lalata kaya. Gaban Goshi bai iso ba tukuna, dama shi ba ya zuwa da wuri sai ranar da Farfesa zai zo da wuri. Ni na tsaya ina karɓar kaya a ɗaya gefen, haka kaskon sa'a ya zo hannuna karo na farko. Na juya shi. A leɓensa akwai ɗan ɓantare kamar giɓin haƙori. Na san wannan giɓi, ni na yi shi da hantsaki ranar da hannuna ya zame. Kaskona ne da ya ɓata tun watannin baya, wanda na gama cigiya har na haƙura na ce ya fashe an share.

Na ɗauko ƙaramar fitilar da muke haska gari da ita. A ƙarƙashinta kowane gari yana da launinsa, na Gaban Goshi shuɗi ne mai duhu, nawa shuɗi ne mai haske kamar an sirka da madara. Na haska cikin kaskon. Duk launukan biyu suna nan, ɗaya a kan ɗaya.

Na ajiye kaskon a sabon wurinsa. Na gane abin da ya faru: kaskon Gaban Goshi ya fashe, ƙiwuya ta hana shi ɗauko sabo ya ƙona, ya miƙa hannu ya ɗauki nawa da saura a ciki. Kuma abin ya yi ma'ana. Garinsa ya iya ɗaukar wuta ta gefe ɗaya, nawa ta ɗaya gefen, in sun haɗu sai kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Gaskiya da farko daɗi ma na ji. Na ɗauko sabon kasko fes, na auna garina, na auna nasa daga samfurin da ke kan kanta, na gauraya da gangan, na barbaɗa baƙo, na shimfiɗa fitila. Da rana na kai wa Mai Awo.

Mai Awo ƙawata ce, ita ke kula da na'urar auna haske da kuma makullin kabad ɗin da ake ajiye kwalaben gari. Tare muke cin abincin rana tun ranar da na fara aiki, cokali ɗaya ma mun sha yin amfani da shi. Ranar da na haihu ita ta fara zuwa asibiti kafin ƙanwata. Ta jona fitilar, koren hasken baƙon ya cika ɗan ɗakinta mai duhu, layin da ke kan kwamfuta ya hau har ya wuce na kaskon sa'a. Ina kallon layin, sai na lura ita ba shi take kallo ba, farcenta take kallo.

"Ƙawas, kin ga abin da nake gani kuwa?" na ce.

"Na gani."

"Garina ne a cikin kaskon nan. Ba wata sa'a."

Ta ce, "Ki bar maganar nan don Allah, ba za ta amfane ki ba."

A nan ne wani tunani ya zo mini, wanda murna ta hana ni yi tun safe. Saurar da na bari a kaskon ba za ta wuce gasawa biyu ko uku ba. Ya kamata a ce ta ƙone ta ƙare tun tuni. Amma yau da safe na ga garina a ciki, sabo, a saman nasa.

"Wa yake ƙarawa?"

Ta ci gaba da kallon farcenta. Na sake tambaya. Ta kashe fitilar, ta kunna ta ɗaki, ta ce, "Ɗan kaɗan ne fa, a bakin cokali. Farfesa ne ya ce. Ni me zan ce masa? Kin san halin da nake ciki da yara."

"Daga kwalbata?"

"To daga ina?"

Na tsaya ina kallonta. A kan teburinta ga kular abincin da muka buɗe tare jiya, ga kofina da na manta. Wato duk watannin nan tana ɗiba da safe, ta wanke hannu, da rana ta zauna tana ba ni haƙuri, tana cewa in dage, Allah zai kawo nawa rabon. Har addu'a take taya ni. Ban yi mata faɗa ba, ƙyama ce ta hana ni. Na ɗauki kofina na fita, a bakin ƙofa na jefa shi kwandon shara.

Da na koma gida Baban yara yana tsakar falo yana fama da fankar da ta ƙi juyawa, Mama, mahaifiyata, na gefe tana ba shi shawarar da bai nema ba. Na zauna da jakata a kafaɗa na kwashe komai na faɗa musu. Shi mutum ne mai kyautata zato har abin ya kan ba ni haushi. Ya ajiye sukundireba ya ce, "To ai wannan labari ne mai daɗi. Naki da nasa sun haɗu sun fi kowanne. Ki je ki sami Farfesan ku yi magana ta fahimta, sai a sa sunanku ku biyu."

"Ya sani fa. Shi ne ya ce a ɗiba."

"Wataƙila kunya ce ta hana shi faɗa. Ki ba shi hanyar fita."

Mama ta ce, "Mai kunya ba ya aike a ɗebo masa kayan mutane." Ta juya gare ni, "Ke dai ki ci abinci tukuna, kin dawo fuska kamar an aiko ki da saƙon mutuwa."

Washegari na shiga ofishin Farfesa da fitilar a tafin hannuna. Na yi niyyar bin shawarar Baban yara, har na tsara maganar a mota. Na ce, "Yallaɓai, na zo da albishir. Mun gano dalilin kaskon nan, kuma in an gauraya da awo sakamakon ya fi na da."

Bai ko karɓi fitilar ba. Ya cire tabarau ya goge, ya nuna mini kujera. "Dokta, zauna. Na san za ki gano, ai ba banza na ɗauke ki ba."

"Tun yaushe ka sani?"

"Bayan an buga takardar."

"To sai a gyara. A rubuta wa mujallar, a faɗa wa kamfani."

Ya yi wata 'yar dariya irin wadda ake wa yaro. "A ce musu me? A ce sakamakon da muka buga da sunan gari ɗaya tsantsa, ashe kasko ne ba a wanke ba? Wa zai sake yarda da awon ɗakin nan? Mutum nawa ke cin abinci a nan, kin lissafa? Kamfani haske suke so. Za mu gauraya a kwalba, mu ce ingantaccen samfuri ne, mu ba shi lamba. Kowa ya huta."

"Da sunan wa?"

"Sunan da ke kan takardar."

Na ce, "Nawa aikin fa?"

"An rufe, kamar yadda na faɗa tun farko. Garinki shi kaɗai bai ci ba, wannan ke ma kin sani." Ya mayar da tabarau. "Amma ban manta da ke ba. Ana buƙatar mai haɗa garin da yawa, kuma babu hannun da ya kai naki. Zan sama miki wuri a ƙarƙashin abokin aikinki. Ki riƙa haɗawa kina ba shi, ba sai an rubuta komai a kwalbar ba."

Ya faɗi wannan yana kallona da fuskar wanda ya yi kyauta, har jira yake in yi godiya. A bayansa ga lambobin yabo jere a bango, ga hotonsa yana wa ɗalibai lacca a kan amana. Na ce masa ba zan iya ba.

"Ki je ki yi tunani."

"Na gama, yallaɓai."

Ya ɗaga kafaɗa. "Shi ke nan. Hanyar haɗin dai ta ɗakin nan ce, kin sa hannu a kan haka ranar da kika zo. Zai koya. Takardar shaidarki kuma ki tuna mini a ƙarshen wata, in an rabu lafiya ba ta da wuya."

Na fahimci wannan ta ƙarshen sarai. A sana'armu ba ka samun wani ɗakin gwaji sai da shaidar wanda ka baro, kuma duk manyan sun san juna, tare suke shan shayi a taro.

Daga ofishinsa ban tsaya ko'ina ba sai wurin akwatin. Na fito da kaskon sa'a, na ɓare jan tef ɗin, na kai shi wurin wanki. Na jiƙa shi a ruwan narkarwa, na kankare, na dirje, ɓawon ya riƙa fita baƙi-baƙi yana bin rariya. Na dirje har yatsuna suka yi ciwo a cikin safa. Ina cikin haka na ji mutum a bayana. Gaban Goshi ne, hannu a aljihun farar riga. Na shirya masa, wallahi na so ya yi magana in samu inda zan sauke abin da ke cina.

Ya leƙa ya ce, "Sannu da aiki, Yaya. Dama ya yi datti da yawa."

Ya wuce abinsa yana 'yar waƙa. Washegari da na shigo, ga wani kasko a wurin, an naɗa masa sabon jan tef a gindi, an ɗan gasa shi ya yi duhu. Kafin rana ta yi na ji wani yana nuna wa sabuwar ma'aikaciya shi, yana ce mata wannan ba a taɓawa, kaskon sa'a ne. Duk ɗakin babu wanda ya tambayi ina tsohon ya tafi. A nan na gane ba Mai Awo kaɗai ba ce, kowa ya sani, ni kaɗai aka bari ina yawo a cikinsu ina gaishe su da safe.

Sauran makonnin na yi su ne kamar mai zaman asibiti. Na tattara kayana, na miƙa kwalabena. Gaban Goshi ya riƙa zuwa da ladabi yana tambayata zafin da ake dafa sinadari kaza, da sau nawa ake tace abu kaza, "Yaya" a farko "Yaya" a ƙarshe. Na nemi aiki wurare biyu, duka suka ce in turo shaidar Farfesa. Na tuna masa, ya ce tana nan a kan teburinsa, ranar walimar bankwana zai sa hannu ya ba ni a gaban kowa, ya fi daraja.

Aka yi walimar da la'asar a ɗakin shan shayi. Kek, lemo, faranti na roba. Farfesa ya yi jawabi, ya ce ni mace ce mai haƙuri da tsabtar aiki, ya ce ba kowane bincike ne ke kaiwa ga nasara ba amma kowanne yana da darasi. Aka tafa. Ambulan ɗin takardar na leƙe daga aljihun kwat ɗinsa, na kasa ɗauke ido daga kai.

Sai ya ce akwai 'yar kyauta daga ɗaki gaba ɗaya. Gaban Goshi ya kawo wani ɗan akwati, na buɗe. Ƙaramin allo ne a cikin firam, irin na farko da aka yi wa kamfani, da ɗan batir a baya. Ya danna maɓalli, allon ya kama da kore mai kyau, mai taushi, babu ɗigo ko ɗaya. Ban taɓa ganin garina ya yi kyau haka ba. A ƙasan firam ɗin an manna ɗan ƙarfe mai ruwan zinariya, an zana lambar samfurin da sunan wanda ya ƙirƙiro.

Farfesa ya ce a yi hoto. Ya tsaya a damana, Gaban Goshi a haguna, sauran suka taru a baya suna gyara riga. Mai Awo ce ta ɗaga waya. Ta duba, ta sauke, ta sake dubawa.

"Ƙawas, ɗan janye yatsanki," ta ce. "Kin rufe sunansa."

Farfesa ya sa hannu a aljihun kwat, ya tsaya yana jira.

Na janye.